Kabad ɗin da Ya Shiga ta Taga

Kwaso ba ya shiga ɗaki kamar sauran mutane. Kowa in ya yi sallama fuskar mai ɗakin yake fara dubawa. Shi kuwa ƙofa. Kafin ya zauna ya riga ya auna faɗinta da ido, ya san gadon nan sai an kwance shi, kujerar can sai an tayar da ita tsaye, firjin kuma zai fita amma sai ya kankare fentin bango. Ko dubiya ya je, bakinsa na cewa “ya jiki”, zuciyarsa na lissafin yadda za a fitar da gadon da mara lafiyar yake kwance a kai.

Sana’arsa ke nan, kwasar kayan masu tashi daga gida. Yana da tsohuwar akori-kura mai tari da safe, da igiyoyi, da tampol, da tsofaffin barguna na naɗe madubi. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. A bakin titin da masu motocin kaya suke jiran aiki, Kwaso kawai za ka ce a nuna maka shi, dogo, siriri, kullum a tsaye yana kaɗa makulli a yatsa. Ba a taɓa ganin ya zauna a benci ya jingina bayansa ba.

Garin kuwa kullum kumbura yake yi. Inda aka sani gona bara, bana shaguna ne. Mutane na ta kwararowa neman aiki, masu gidajen haya na ta ƙara kuɗi, wanda ya gaza a ba shi notis. Duk notis ɗin da aka manna a ƙofar wani, abincin Kwaso ne. Ba ya faɗin haka, ko a ransa. Yana ɗaure katifar mutum yana taya shi zagin mai gida, har idonsa ya yi ja, kuma da gaske yake. Sai dai kowa ya lura ƙarshen wata, lokacin da ake yawan korar mutane, ya fi fara’a.

Shi ma ɗan haya ne, kuma babu ɗan hayar da ya kai shi tashi. Nan rufi na yoyo. Can maƙwabci na ƙure rediyo. Wani wurin mai gida ya yi masa kallon da bai gamshe shi ba. Matarsa, wadda unguwa duk da suka zauna ake kira Tela saboda keken ɗinkinta, da ta fara tara masu kawo ɗinki sai ta ji ya shigo yana cewa, “Haɗa kaya, na samo mana wuri mai iska.” Babbar ’yarsu ta canja makaranta har ta daina wahalar riƙe sunayen ’yan ajinsu. A ƙarƙashin gadonsu akwai kwalaye a ninke, kullum a shirye. Agogon bango ma a ƙasa yake jingine, don Kwaso bai taɓa buga ƙusa a bangon kowa ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa bin su yawo ba: kabad ɗin Tela. Mahaifinta kafinta ne, shi ya ƙera mata shi kafin ya rasu, da katako mai nauyi, haɗin gam da tsaga, babu noti ko ɗaya da za a kwance. Gidansu na farko kaɗai ya shiga, mai faffaɗar ƙofa. Tun daga nan duk ɗakin da suka je sai Kwaso ya dubi ƙofa ya girgiza kai. Haka kabad ya ƙare a siton yayanta, mai sayar da fenti, an lulluɓe shi da buhuna.

Wata rana da rana tsaka Kwaso ya dawo cin abinci, Tela ta ce masa, ba tare da ta tsayar da keke ba, “Baban yara, na sa mu a ƙungiyar nan ta gidaje.”

“Wace ƙungiya kuma?”

“Masu gina wa marasa ƙarfi. Gwamnati ta ba da fili, akwai wani asusu da ke ba da rancen kayan gini mai sauƙi, a biya a hankali kamar haya. Ƙungiya ta kawo injiniya da magina. Mu kuma ƙarfinmu za mu kai, duk Asabar da Lahadi.”

“Gidan wa za mu gina?”

“Na kowa. Ba wanda zai san nasa sai an gama duka an jefa ƙuri’a. Don kada wani ya gyara nasa ya yi wa na wani ha’inci.”

“Wato in sha rana in gina wa wani ƙato gida.”

“Wani ƙaton ma yana can zai gina naka.”

Ya yi dariya, don ya ɗauka irin abin nan ne da ake taro a kansa sau biyu a watse. Ba a watse ba.

Filin yana bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Mai kula da aikin wata ’yar gajeruwar mata ce daga ƙungiyar, hular kwanon da take sawa ta fi kanta girma. Anti Doka ake ce mata, saboda ba ta buɗe baki sai da “doka ta ce”. Ranar farko ta tara su a inuwar tankin ruwa, masu gadi, da masu shara, da malaman firamare, da masu tura baro, ta zayyana musu sharuɗɗa. Kwaso yana can baya yana kaɗa makulli, bai ji komai ba sai guda ɗaya: wanda ya sami gida shi zai zauna a ciki da kansa, ba haya, ba sayarwa, sai bayan shekaru masu yawa. Ya ji kamar an ɗaure masa maɓallin wuya. Ya sa yatsa ya sassauta rigar da ba ta ma da maɓalli.

Da farko yana zuwa. Aiki ba ya ba shi tsoro, bulo biyu yake ɗauka inda wasu ke nishi da ɗaya. Bakinsa ne ba ya hutawa. Da bango ya tashi ya fara nuna siffar ɗaki, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

“Wa ya zana ƙofar nan? Ga ta gajere, ga lungu a bayanta. Gadon kirki ba zai juya a nan ba. Wallahi mai gidan nan ba shi da tausayi.”

“Wane mai gida?” in ji Anti Doka daga bayansa.

“Mai… to, wanda ya…”

“Malam Kwaso, duba gabas, duba yamma. Babu mai gida a nan sai ku. In ƙofa ta yi maka kaɗan, ranar taro ka ɗaga hannu.”

Aka yi dariya. Wani mai gadi ya ce, “Bar shi, Anti, shi hanyar fita yake dubawa, mu ta shiga muke nema.” Kwaso ya taya su dariyar, amma ranar da wuri ya tafi.

Daga nan aiki ya fara faɗo masa ranar Asabar. Gaskiya ne mutane sun fi tashi a ƙarshen mako. Gaskiya ne kuma da can yakan tura wa abokan sana’a wani aikin in ya yi yawa. Yanzu ba ya turawa. Har nema yake. Tela kuwa ba ta fasa zuwa ba. Takan fita da sassafe da tsohon zane da takalmin roba, ta dawo da yamma gira da gashin ido duk farin siminti.

Wata Litinin ya kwashe kayan wata mata da mijinta ya rasu, ita da ’ya’yanta, daga ɗaki biyu zuwa wani shago da aka toshe da langa-langa. A hanya ta ce masa ita ma ta nemi shiga ƙungiyar, an ce ta jira, wuri ya cika. Tausayi ya kama shi har ya ƙi karɓar komai a hannunta. A ƙarƙashin tausayin kuma wani abu ya motsa, mai daɗi, kamar iska ta shigo ɗakin da aka daɗe da rufewa. Bai tsaya bincikar abin ba. Ya juya mota sai ofishin ƙungiya.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, da fanka mai ƙara da zanen gidajen a manne a bango. Ya ƙi zama. A tsaye ya ba Anti Doka labarin matar, ya ce shi namiji ne da ƙarfinsa da motarsa, bai kamata ya tare wurin marayu ba. A ba ta nasu.

Anti Doka ta cire tabarau ta dube shi.

“Allah ya saka da alheri. Matar tana layin rukuni na biyu, ba a manta da ita ba. Amma doka ta ce wanda ya shigo da bakinsa, da bakinsa zai fita. Matarka ce ta shigo. Kawo ta ta faɗa.”

“Ai ni ne maigida, ranki ya daɗe.”

“Ban musa ba. Ka san me ya sa ba a cire ku ba duk fashin da kake yi? In ta gama rabonta, sai ta sha ruwa ta ɗauki naka. Je ka dubi hannunta, sannan ka zo mu yi maganar kyauta.”

Labari ya riga shi isa gida. Da ya shigo bayan la’asar ya tarar keke a tsaye, Tela na zaune tana shafa mai a tafin hannu. Ya duba. Hannuwan duk sun tsattsage, har zare yana maƙalewa a ciki. Ta aiki yara sayen abin da ba ta bukata, ta jira suka fita.

“An ce ka zama mai kyauta.”

“Tela, da kin ga matar nan…”

“Na san ta, ni na nuna mata ofishin. Zauna.”

“Ina ji daga nan.”

“To tsaya, ai ka saba. Baban yara, me ya tashe mu daga gidan farko?”

“Yoyo mana.”

“Kwano ɗaya ne. Da ka hau da kwalta, kafin in sauke tukunya ka gama. Na biyu fa? Rediyo. Na ukun ma na manta, kai ma ka manta. Na daɗe ina cewa mijina mai zuciya ne, ba ya son raini. Sai da na ɗauki bulo a filin can na gane. Kai mai gida kake so. Wanda za ka zaga. In rufi ya zuba, laifinsa ne. In yarinyar nan ba ta da wurin karatu, laifinsa ne. In furfura ta fito maka ba mu da ko ƙusa a bango, laifinsa ne, sai mu haɗa kaya mu je inda ba a san mu ba, a sake sabon lale. Gidan can ba shi da wanda za a ɗora wa. Shi ne ya firgita ka.”

“Ke dai kin iya magana.”

“Ɗinki na iya. Maganar dole ce ta sa.”

Ya fita ya tayar da mota, ya yi ta zaga gari babu kaya a baya, igiyoyi na dukan ƙarfe. Duk layin da ya bi akwai gidan da ya taɓa kwashewa. Ya san ƙofofin garin nan kaf, ya san wadda ke cije katifa da wadda ke fasa madubi. Ya yi ƙoƙari ya tuna launin bangon ɗaki ɗaya daga cikin waɗanda ya kwana a ciki shekara da shekaru. Ya kasa.

Ranar ƙuri’a bai je ba. Tela ce ta sa hannu a bokiti ta zaro musu gida a tsakiyar layi, ba na kwana ba, ba mai kallon titi ba. An yi rufi, an sa ƙofofi, an shafe bango. Abin da ya rage ƙarafunan taga, waɗanda mai walda zai bi gida-gida yana kafawa ranar da za a shiga.

“Asabar ce,” ta ce masa. “Ni da yara za mu shiga, wannan ba shawara ba ce. Kuma kabad ɗina zai shiga.”

“Ba zai bi ƙofar nan ba. Na faɗa tun ana gini.”

“Na ji ka, shi ya sa na auna tagar ɗakin da tef ɗina. In aka kwantar da shi, zai shige. Kafin a sa ƙarfe.”

Kwaso ya daina kaɗa makulli. Ba sai an yi masa bayani ba, aikinsa ne. Abin da ya shiga ta taga aka bi shi da walda, ya shiga ke nan. Ba noti, ba ƙofa, ba dabara.

“In ya shiga fa ba ya fita,” ya ce.

“Na sani. Mai walda zai zo kanmu da azahar. In ka kawo shi, na san da kai muka tare. In ba ka kawo ba, ba zan yi faɗa ba. Akwai Ɗan Gajere a bakin titinku, shi ma yana da mota.”

“Ɗan Gajere! Wanda ya fasa wa mutane talabijin a kan gada? Shi zai ɗauki aikin Baba?”

“To ya zan yi? Wanda ya iya ba ya so.”

Ranar Asabar da hantsi ya tsinci kansa a ƙofar siton yayanta. Ya gaya wa kansa don katakon ya zo, don kada wani sakarai ya ɓalle masa ƙafa. Kai shi kawai zai yi, sauran magana daga baya.

“A’a, surukina na kaina!” in ji Yaya. “Yau za a sallami baƙona? Shekara da shekaru yana cinye mini rabin sito, ko sannu bai taɓa ce mini ba.”

Suka yaye buhunan. Ƙura ta tashi, katakon ya fito ja wur, ko gara ba ta taɓa shi ba. Kwaso ya zagaya bayansa yana shafawa da hannu, wai yana duba inda zai ɗaura igiya. Noti yake nema. Ko guda ɗaya, ko wanda tsohon ya ɓoye. Babu.

Da ’yan dako suka ɗora shi, ya naɗe shi da barguna duka, ya ɗaure kamar mai ɗaure jariri. Ya kama hanya a hankali. A mararrabar da ake juyawa zuwa bayan gari, hannunsa bai juya ba. Ya miƙe. Ya ce hanyar can ta fi kyau, babu ramuka. Hanyar can ta bi da shi ta wata unguwa da bai taɓa zama ba, mai itatuwa, a jikin wani gida kuma an rubuta da alli: akwai ɗaki. Ƙafarsa ta sauka daga kan totur da kanta. Ƙofar gidan faffaɗa ce, mai ganye biyu. Kabad zai shiga a tsaye, ya fita a tsaye, duk ranar da aka ga dama.

Ya tsaya, inji na kaɗawa. Wani dattijo da carbin makullai a hannu ya leƙo, ya dubi mota, ya dubi kaya.

“Ɗaki ake nema? Shigo ka gani. Sai dai ina da sharaɗi, ba na son hayaniyar yara, ba na son ƙarar keken ɗinki ko injin niƙa, kuma ba a buga mini ƙusa a bango.”

Kwaso ya ji zagin ya taso masa tun daga ciki, cikakke, mai ɗumi, irin wanda zai yi shekara yana yi wa mutumin nan a bayan ido. Har ya ji daɗinsa a harshe. Daɗin ne ya ba shi kunya. Ya dubi madubin gefe, ya ga kabad ya cika shi, ba a ganin hanyar baya.

“Baba, tambaya zan yi, na fasa,” ya ce. Ya yi ribas da ƙyar.

Azahar ta gota lokacin da ya shigo layin. Kowane gida an kafa masa ƙarafa, ana ta shigar da katifu da bokitai ta ƙofa. Gida ɗaya ne tagarsa ke hangame, kuma a cikin tagar Tela ce zaune, ƙafafu a waje, tana kalmasa bakin wani zane da allura. Mai walda na tsaye da tabarau a goshi, ya gaji da roƙo.

“Maigida, don Allah zo ka ɗauke matarka! Tun ɗazu na ce ta sauka, ta ce sai dai in haɗa da ita in yi waldar.”

Tela ba ta tambaye shi inda ya tsaya ba. Ta cije zare, ta sauko.

Nan Kwaso ya zama Kwaso. Ya shimfiɗa bargo a bakin taga, ya kira mai gadin nan da malaman firamare biyu, ya raba musu wuri. “Kai riƙe nan. Malam, ba da ƙarfi ba, da dabara. Kwantar. Ƙasa kaɗan. Tsaya! Yanzu tura.” Kabad ya shige a hankali, saura kaurin yatsa ta kowane gefe. Suka tayar da shi a jikin bango, kansa ya kusa taɓa silin. Anti Doka, da ke wucewa da hularta, ta leƙo ta taga ta ce doka ba ta hana ba, ta yi gaba.

Mai walda ya ɗora ƙarfe. Wuta ta yi tartsatsi, ƙaurin ƙarfe ya cika ɗakin. Kwaso yana tsaye a tsakiya, idonsa na aikin da ya saba: daga kabad zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa lungu, daga lungu zuwa taga. Ya sake bi. Ya kuma sakewa. A karo na farko tun da ya fara sana’a, ya ga kayan da bai san yadda za a fitar da shi ba.

Sai ya hango wata ’yar tsaga a shafen bango, sama da ƙofa.

“Dubi nan! Wane mugun ne ya yi wannan shafen? Wallahi mai…”

Yara suna kallonsa. Tela ta miƙo masa guduma da ƙusa, babbar ’yarsu kuma ta rungumo agogo.

Ƙusar farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta shiga. Ya rataya agogon, ya ja baya, ya ga ya ɗan karkace, ya bar shi haka.

“Baba, kwalayen nan fa?” in ji yarinyar. “A ƙarƙashin gado za a sa?”

Tela na jera zannuwa a kabad, ba ta juyo ba, amma hannunta ya tsaya.

“Kai wa mai walda ya shimfiɗa, ƙasa yake durƙusawa,” in ji Kwaso. Yarinyar ta kwasa ta nufi ƙofa. Har ta kai lungu ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, “Bar guda biyu a mota. Na aiki ne.”

Tela ta ji. Ta ɗauki wani zanen ta ninke, ta ce masa ya matsa daga tsakiyar ɗaki, ko ya zauna ko ya nemo siminti ya toshe tsagar. Ya dubi kujera, ya dubi tsagar. Ya jefa makulli a aljihu, ya fita neman siminti.